Ina Ma'anar Jinya?

A hutun da ya wuce ƙanwata ta zo gida da tarin takardu. Nas ce, ta yi shekaru tana aiki a wani ƙaramin asibiti cikin ƙasar Daura, sa'an nan ta koma jami'a domin ƙaro ilimi. Da dare muna zaune a tsakar gida sai ta ce mini, “Yaya, kai da ka yi kwalejin malamai, gaya mini, ina ma'anar jinya?” Na yi dariya, na ce ai wannan tambayar ɗan aji ɗaya ce. Ta ce to in amsa mana. Na buɗe baki, sai na ga ban san ta inda zan kama ba.

Ashe aikin da aka ba su ke nan a makaranta. Kowane ɗalibi zai zaɓi kalma guda cikin kalmomin da ma'aikatan asibiti ke faɗi kullum ba tare da sun tsaya sun yi tunani a kansu ba, ya warware ta filla-filla, sa'an nan ya auna ta da koyarwar manyan malaman aikin nas. Ita ta zaɓi jinya. Mun kwana uku muna jayayya a kai, ita da littattafanta, ni da abin da na ke gani a ƙauyuka. Abin da na tsinta a wannan jayayya shi na kawo muku, domin na ga ya shafe mu manoma fiye da yadda ya shafi 'yan jami'a.

Ga dalili. Duk wanda ya taɓa kwantar da ɗan'uwansa a asibiti ya sani ba a barin mara lafiya shi kaɗai. Sai an bar masa mai jinya daga gida. Ita ce za ta yi masa wanka, ta ba shi abinci, ta zubar da fo, ta je kanti sayen maganin da likita ya rubuta, da dare ta shimfiɗa tabarma a gindin gado ko a baranda. Nas ɗaya ta kan riƙe gadaje masu yawa, hannunta ba ya isa ko'ina. In aka sallami mutum kuwa, dukan aikin ya koma gida. Watau mafi yawan jinyar da ake yi a Daura da Zango da Baure da Sandamu da Mai'adua, ba masu farin kaya ke yin ta ba. Matanmu ne, da iyayenmu mata, da 'ya'yanmu, waɗanda ba wanda ya taɓa zaunar da su ya ce ga yadda ake yi.

Yadda ake warware kalma

Hanyar da aka koya musu ba ta da wuyar ganewa. Wani malami Bature mai suna John Wilson ya fito da ita a 1963, daga baya wasu malaman nas biyu na Amurka, Lorraine Walker da Kay Avant, suka gyara ta domin aikin asibiti cikin littafin da suka buga a 1983. Da fari sai ka tattaro duk yadda mutane ke amfani da kalmar. Sa'an nan ka ware ta daga 'yan'uwanta masu kama da ita. Daga nan ka kawo misali na gaske inda ta cika, da wani inda ta cika rabi, da wani inda babu ita sam. A ƙarshe ka faɗi alamar da za a gani da ido a tabbatar an yi abin. Na ce mata ai wannan sheƙar hatsi ce, a fid da ƙaiƙayi a bar tsaba. Ta ce kusan haka ne.

Da muka fara tattarowa sai muka ga abin mamaki a harshenmu. In an ce “Malam yana jinya,” ba ka san ko shi ne a kwance ko shi ke kula da wanda ke kwance ba sai ka tambaya. Haka ma majinyaci, ana faɗinsa ga mara lafiya, ana kuma faɗinsa ga mai dubansa. Da na ɗauka wannan raunin harshe ne. Ƙanwata ta ce a'a, Hausawa sun riga malaman gano wani abu: jinya aikin mutum biyu ne, wanda ke kwance ma yana da nasa rabo a ciki.

Sai 'yan'uwan kalmar. Magani ba jinya ba ne, domin likita zai rubuta magani ya wuce, bai taɓa shimfiɗar mara lafiya ba. Dubiya ba jinya ba ce. Mu kan cika ɗaki mu goma sha, mu yi ta “sannu, ya jiki,” mu ajiye lemo, mu tashi. Abu ne mai kyau, yana ƙarfafa zuciya, amma wani lokaci ma hana mara lafiya barci mu ke yi. Tausayi ma ba jinya ba ne, ko da ya ke ba ta yiwuwa sai da shi. Mace za ta iya kwana bakwai tana kuka a gefen mijinta tana yi masa fifita, bayansa kuwa yana ruɓewa ba ta sani ba. Wannan shi ne misalin da jinya ta cika rabi, shi ne kuma ya fi yawa a gidajenmu.

Abin da malaman suka ce

Wadda kowace nas ta san sunanta ita ce Florence Nightingale, 'yar Ingila da ta tafi jinyar sojoji a yaƙin Kirimiya a 1854, ta kuma buɗe makarantar nas a asibitin St Thomas na Landan a 1860. Ita a wurinta babban aikin nas shi ne gyara wurin da mara lafiya ke kwance: iska mai kyau, ruwa mai tsabta, haske, shimfiɗa mai tsabta, abinci kan kari, da rashin hayaniya. In an yi haka, jiki ya sami sararin gyara kansa. Duk manomi ya gane wannan, domin ba mu ne ke sa gero ya tsiro ba, gona mu ke gyara masa. Ku tuna da ɗakunan da mu ke kwantar da marasa lafiya: taga a toshe da tsumma, garwashi a kasko, mutane cike.

Bayanta akwai Virginia Henderson ta Amurka, wadda ta lissafa bukatu 14 na ɗan Adam, tun daga numfashi da ci da sha da fitar da bayan gida har zuwa barci, da magana da mutane, da ibada, da yin wani aiki da zai sa mutum ya ji yana da amfani. Ta ce nas tana yi wa mutum abin da da kansa zai yi, in da yana da ƙarfi, ko niyya, ko sani.

Amma wadda ƙanwata ta kafa aikinta a kai ita ce Dorothea Orem, wadda aka haifa a Baltimore a 1914, ta rasu a 2007. Littafinta ya fito a 1971. Koyarwarta ta fara daga abin da kowa ya sani: baligi mai lafiya shi ke kula da kansa. Ba wanda ke tuna masa ya sha ruwa ko ya juya cikin barci. Cuta in ta zo, abu biyu ta kan yi a lokaci guda. Ta kan ƙara yawan abin da jiki ke bukata, kamar shan magani kan lokaci da wanke ciwo, ta kuma rage ikon mutum na yin su. Tsakanin abin da ake bukata da abin da mutum zai iya sai a sami giɓi. Orem ta ce cike wannan giɓi shi ne jinya, ba ƙari ba ragi.

Ku lura da “ba ƙari” ɗin nan, domin nan ne muka fi yin jayayya. Tunda giɓin ba ya zama wuri ɗaya, yau babba ne gobe ya ragu, to jinya ma tilas ta riƙa sauyawa. Orem ta kasa ta mataki uku. Akwai lokacin da mai jinya ke yin kome, kamar ga wanda ya suma. Akwai lokacin da ake raba aiki, mara lafiya ya yi abin da zai iya a cika masa sauran. Akwai kuma lokacin da mai jinya za ta janye hannu, aikinta ya zama koyarwa da ƙarfafawa kawai. Ta kuma yi magana a kan mutanen gida masu kula da yaro ko tsoho ko mara lafiya, ta ce su ma sai an duba iyawarsu da ƙarfinsu, domin giɓin yana iya kasancewa a wurinsu.

Tsohon da ya faɗi a gona

Bari in kawo misalin da na gani da idona, wanda ƙanwata ta sa a takardarta ba tare da suna ba. Wani dattijo ne cikin ƙungiyarmu, a wani ƙauye kusa da iyakar Nijar, manomin gero da wake da riɗi. Ana tsakiyar girbi ya faɗi a gona, baki ya karkace, hannun dama da ƙafar dama suka ƙi motsi, magana ta sarƙe. Wasu suka ce iska ce ta buge shi, aka ɓata yini biyu ana hayaƙi. Shanyewar ɓarin jiki ce, wadda hawan jini ya fi kawowa. In kun ga waɗannan alamu uku, fuska ta karkace, hannu ya saki, magana ta canza, kada a jira gari ya waye, a nemi mota.

Ya yi kwanaki a asibiti aka sallame shi da takardar magani. Ba wanda ya zaunar da uwargidansa ya nuna mata kome, ita ma ba ta san akwai abin tambaya ba. Ba na ɗora wa kowa laifi, na ga yawan mutanen da ke layi a ranar. Da na kai masa ziyara bayan mako uku, na tarar da shi kwance rigingine a kan tabarma, an sa leda a ƙarƙashinsa saboda fitsari. Matar nan ba ta rabuwa da shi ko na awa ɗaya. Tana ɗura masa kunu yana kwance, yana ta ƙwarewa. Ɗakin yana wani wari da ban gane ba. Na roƙi ƙanwata ta biyo ni ran Asabar.

Da ta gaishe su sai ta ce, “Inna, ki taimake ni mu juya Baba.” Aka juya shi. A ƙugunsa, daidai ƙashin da ke saman ɗuwawu, ga gyambo ya kai faɗin bakin kofi, dugadugansa biyu kuma sun yi baƙi. Tsohuwar ta ɗora hannu a ka, ta ce wa ya yi masa wannan. Ƙanwata ta ce ba kowa, kwanciya ce. Nauyin jiki in ya danne fata a kan ƙashi na tsawon awoyi, jini ba ya isa wurin, naman ya mutu. Mai lafiya ya kan juya cikin barci bai ma sani ba. Wanda jikinsa ya shanye ba ya iyawa, wani lokaci ba ya ma jin zafin. Fitsari da gumin leda kuma su jiƙa fatar su ƙara mata rauni.

Abin da ta koya musu a ranar ba ya bukatar kuɗi mai yawa. A juya shi duk bayan awa biyu, dama, baya, hagu, dare da rana. Tunda babu agogo a ɗakin, aka sa ƙararrawar wayar jikansa. A sa matashi tsakanin gwiwoyi, a sa wani a ƙarƙashin ƙwauri domin dugadugai su tashi daga ƙasa. A cire leda daga jikin fata, a sa zane mai kauri a kai, a canza da zarar ya jiƙe. Kowace safiya a duba ƙugu da kwatangwalo da dugadugai da kafaɗa. A baƙar fata ba lalle a ga ja ba, sai dai wurin ya ƙara duhu, ko ya yi zafi, ko ya yi tauri. In za a ba shi abinci a zaunar da shi sosai, a ba shi kaɗan-kaɗan da cokali, kunun ya yi ɗan kauri, a bar shi a zaune bayan ya gama, domin abin da ya bi ta hanyar iska shi ke zama ciwon huhu. A riƙa miƙar da hannun da ƙafar ana lanƙwasawa a hankali kullum kada gaɓoɓi su sandare, amma kada a taɓa ɗaga shi ta hanyar jan hannun da ya shanye, kafaɗar na iya gocewa. Gyambon kuwa ta ce ya wuce aikin gida, sai malamin asibiti ya riƙa wanke shi. Maganin hawan jini ba a daina shi don an ji sauƙi. Gishiri da dunƙulen miya a rage.

Wannan shi ne mataki na farko, inda ake yi wa mutum kome. Gyambon ya ɗauki fiye da wata biyu kafin ya rufe.

To, sai kuskure na biyu ya ɓullo, wanda ni ban ma ɗauke shi kuskure ba. Da muka koma, Baba ya yi ƙiba, fata lafiya lau, amma har yanzu a baki ake ba shi abinci, ana wanke masa fuska, ana sa masa hula. Hannunsa na hagu kuwa lafiyarsa ƙalau. Ƙanwata ta karɓi cokalin daga hannun Inna ta sa a hannun Baba. Ya zubar da rabi a riga. Inna ta ɓata rai ƙwarai, ta ce, “'Yar nan, so ki ke mutane su ce na gaji da shi?” Na ga gaskiyarta, domin a wurinmu matar da ta bar mijinta mara lafiya yana kokawa da cokali, za a yi da ita a bakin rijiya. A hanya ma na ce wa ƙanwata ta cika tsanani. Ta ce, “Yaya, in ka je ƙauye ka yi wa mutum feshi shekara biyar ba ka koya masa riƙe famfo ba, ka yi aikin malamin gona?” Na yi shiru.

Ga abin da ra'in Orem ya nuna mata wanda idona bai gani ba. Giɓin ya ragu, amma jinyar ba ta ragu ba. Duk abin da aka ci gaba da yi wa mutum alhali zai iya, ƙwace masa shi ake yi. Bayan shanyewar jiki, watannin farko su ne lokacin da jiki ya fi saurin koyon motsi, in suka wuce yana kwance ana yi masa hidima, abin da za a samu daga baya kaɗan ne. Banda haka, dattijon da ya saba ba da umurni a gidansa in ya ga an mai da shi jariri, zuciyarsa ta kan mutu kafin jikinsa.

Ba mu manta da Inna ba. Ta rame ta fi mara lafiyan, bayanta yana ciwo, wata uku ba ta yi barcin kirki ba, gonarta ta gyaɗa kuma ta lalace a ƙasa. Juya ƙato duk awa biyu ba aikin tsohuwa ɗaya ba ne. Da na kai maganar taron ƙungiya, sai aka yi abin da mun saba yi a gona, watau gayya. Samari huɗu suka raba dare a tsakaninsu, mata suka raba ɗebo ruwa da wanki, aka cire kuɗin magani na wata uku daga asusu a matsayin rance. Ina ganin kowace ƙungiya ya kamata ta sa wannan cikin dokokinta tun kafin ranar ta zo, kamar yadda mu ke da dokar rancen taki.

Daga wannan misali ƙanwata ta fid da ma'anarta. Jinya ita ce mutum ya san abin da jikin mara lafiya ke bukata yau, ya san abin da shi mara lafiyan zai iya yau, ya cike tsakani da hannunsa, yana kuma janyewa gwargwadon yadda ƙarfi ke dawowa. Alamar da za a gani da ido: fata ba ciwo, ba ƙwarewa, ba a tsallake magani, abin da mara lafiya ke yi da kansa yana ƙaruwa daga mako zuwa mako, mai jinyar kuma ba ta faɗi ba. Wanda cutarsa ba ta warkewa, nasa awon daban ne, jin daɗi da mutunci ake dubawa.

Maganar jego

Akwai inda na kama ta, na ce koyarwar Orem ta mutanen da kowa ke zaman kansa ce. Mu nan ba mara lafiya ke yanke shawara ba, akwai miji, akwai uwar miji, akwai ungozoma, akwai al'ada. Ta yarda, ta ce shi ya sa ta haɗa da wata malama, Madeleine Leininger, nas ce da ta karanci al'adun mutane, ta zauna cikin ƙabilar Gadsup a tsibirin Niyu Gini a farkon shekarun 1960. Ita ta ce jinyar da ba ta san al'adar mutane ba, ba za su karɓe ta ba. In nas ta tarar da al'ada, hanya uku ke gabanta: wadda ke da amfani ta ƙarfafa ta, wadda ke da gyara a zauna a daidaita, wadda ke cutarwa a canza ta tare da masu ita.

Ba misalin da ya fi jego. Kwana arba'in ɗin nan jinya ce cikakkiya wadda kakanninmu suka tsara: an ɗauke wa mai jego daka da surfe da ɗebo ruwa, ana ba ta abinci mai kyau, akwai tsohuwa a kusa da ita, tana shayar da jariri a natse. Ƙasashe masu arziki da yawa ba su da irin wannan gata. Wannan a riƙe shi da hannu biyu.

Amma cikinsa akwai wankan tafasasshen ruwa da ganye safe da yamma, da kwanciya kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da kunun kanwa kullum. A shekarun 1970 likitoci biyu a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Davidson da Parry, sun lura da yawan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, kusan mace ɗaya cikin ɗari a yankin, abin da ya fi na sauran ƙasashe nesa ba kusa ba. Suka danganta shi da zafin nan da kuma kanwa, domin kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana sa jiki ya riƙe ruwa, zuciya ta ƙara ɗaukar kaya. Binciken da Farfesa Kamilu Karaye da abokan aikinsa suka yi a Kano daga baya ya nuna maganar ta fi haka faɗi: an ga cutar ga matan da ba su yi wankan ba, an kuma ga tana tafiya da talauci da rama da ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyam a jini. Don haka ba daidai ba ne a ce wanka kaɗai ke kawo ta. Duk da haka, macen da zuciyarta ta riga ta raunana, zafi da kanwa ba abin da za su ƙara mata sai wahala, ruwan kuma ya kan ƙona fata.

Nas ɗin da ta shiga gida ta ce wa uwar miji a daina wankan jego, za a ce mata to, tana fita a ɗora tukunya. Wadda ta san aikinta za ta ce, “Hajiya, a yi wanka, amma a surka ruwan har ki iya riƙe gwiwar hannunki a ciki. A yi kunu, amma na gyaɗa ko na tsamiya, kanwa a bar ta.” Wannan daidaitawa ce. Inda ba a daidaitawa shi ne in mai jego ta fara kumburin ƙafa, tana haki, ba ta iya kwanciya sai a jingine, tana tari da dare. A ƙauye a kan ce sanyi ne ya shige ta, a ƙara wuta a ƙara kanwa. A nan sai a tsaya kai da fata: a dakatar da duka, a kai ta asibiti a ranar.

Me ya sa nas ke bukatar wannan karatu

Na tambaye ta, duk wannan dogon Turanci, ba za a iya aikin ba sai da shi? Ta ce a babban asibiti inda likita ke zagayawa safe da yamma, nas za ta iya fakewa da bin umurni. A ƙauye babu wanda za ta fake a bayansa. A Amurka tun 1965 wata nas mai suna Loretta Ford da wani likitan yara, Henry Silver, suka fara horar da nas masu zurfin ilimi a Kolorado domin wuraren da likita ba ya isa. A nan Nijeriya, a 2014 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fito da tsarin da ya ba nas da ungozomomin asibiti da jami'an lafiya na karkara damar yin wasu ayyukan da da sai likita. Wanda aka ɗora wa irin wannan kaya tilas ya kasance da ma'auni a kansa, domin gobe za a kawo masa abin da ba ya cikin littafin umurni. Ra'i shi ne wannan ma'auni. Shi ya sa ta duba bayan Baba sa'ad da kowa ke duban fuskarsa, shi ya sa kuma ta san ranar da ya kamata a miƙa masa cokali.

Mu da ba mu je makarantar ba, abin da ya rage mana shi ne mu daina fita daga asibiti da takardar magani kaɗai. Ranar sallama, wanda zai yi jinyar a gida shi ya kamata ya tsaya gaban nas, ba mai biyan kuɗi ba. Ya tambaya: me mara lafiya zai yi da kansa, me za mu yi masa, wace alama in mun gani mu dawo, yaushe za a sake dubansa. In an nuna masa yadda ake juyawa ko wanke ciwo, ya gwada da hannunsa a gabanta kafin su tafi. Na gwada wannan sau da dama tun daga lokacin, ban taɓa ganin nas ɗin da ta ƙi amsawa ba, ko da tana cikin sauri.

Baba yanzu yana tafiya da sanda har ƙofar gida. Hannun dama bai dawo ba, maganarsa kuma sai wanda ya saba da shi ke ganewa. Da hagu ya ke cin tuwo, da hagu ya ke ɓare gyaɗar iri a faifai, shi ke kuma faɗa wa 'ya'yansa gonar da za a sa wa riɗi bana. Taki da sabon irin wake na kai masa ran nan, ya sa aka kwance buhun a gabansa, ya ɗebo da hagun ya duba, ya ce ƙwayar ta yi ƙanana, in mayar in kawo irin na bara.